Mudu Biyu a Kasuwa Ɗaya: Daga Toronto Zuwa Bamaina

Wannan makon ni aka miƙa wa alƙalami, kuma tun da wuri ina neman afuwar waɗanda zan taka wa sawu, don na san akwai su a cikinmu, har da abokaina.

Bari in faɗi inda na tsaya kada wani ya wahala wajen lalube. Ni mutumin Kiyako ne, a ra'ayi kuma ina cikin waɗanda ake yi wa laƙabi da 'yan mazan jiya. Na yarda mutuncin mutum abu ne mai nauyi, na yarda zargi daban hukunci daban, kuma ba na amincewa da duk wata guguwar da ke tashi da safe ta yanke wa mutum hukunci kafin azahar. Wanda ya ga wannan tsohon yayi ne, na karɓa.

A watan Yulin 2015, cikin goman ƙarshe na azumi, babbar kotun tarayya da ke Kano ta tura Alhaji Sule Lamido da 'ya'yansa biyu, Aminu da Mustapha, gidan yari. Hukumar EFCC ce ta gurfanar da su a kan zargin halasta kuɗin haram kimanin Naira biliyan 1.35, wata ɗaya da 'yan kwanaki bayan ya sauka daga kujerar gwamnan Jigawa. Bamaina nan kusa da mu take, don haka a wajenmu labarin na gida ne. A daren, bayan an sauko daga asham, na zauna teburin mai shayi, aka raba gari biyu. Wani dattijo ya rantse bi-ta-da-ƙulli ne, don mutumin ya ƙi bin guguwar canji. Wani matashi ya rantse an kama ɓarawo, saura a ɗaure. Da na tambaye su wace tuhuma ce a takardar, kuɗin daga ina aka ce sun fito, ta wane asusu aka ce sun bi, sai aka yi shiru, mai shayi ya ci gaba da firfita wuta. Kowa ya zo da hukuncinsa a aljihu, kuma kowa a rediyo ya samo shi.

Abin da ya dame ni ke nan tun ranar. Wa ke auna mana labari kafin ya iso kunnenmu, kuma da wane mudu?

Aikin jarida a ƙasar nan tun asali ɗan gidan siyasa ne. Azikiwe ya kafa West African Pilot a 1937, Awolowo ya kafa Tribune a 1949, gwamnatin Sardauna ta fito da New Nigerian ranar 1 ga Janairun 1966, mako biyu kafin a kashe shi. Ko Gaskiya Ta Fi Kwabo da muke tutiya da ita, wadda ta fara fita a Zariya a 1939 da Abubakar Imam, hukuma ce ta haife ta. A zamaninmu kuwa, Orji Uzor Kalu ne mai The Sun, kowa ya san alaƙar The Nation da TVC da Tinubu, marigayi Raymond Dokpesi mai AIT ɗan PDP ne na a-mutu, marigayi Sam Nda-Isaiah mai Leadership ya nemi takarar shugaban ƙasa a APC a 2014. Ban ce duk ma'aikacin waɗannan gidaje maƙaryaci ne ba, akwai zaratan 'yan jarida a cikinsu. Amma kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Kuma son rai a jarida ba kasafai yake zuwa da ƙarya tsirara ba. A wajen zaɓe yake ɓuya: wane labari za a sa a shafin farko mako shida a jere, wane kuma za a tura shafi na ashirin a bar shi ya mutu da kansa.

Yawancinku ba ku yi wayo ba a 1999, wasu ma ba a haife ku ba, don haka bari in tsaya a nan kaɗan. Da mulki ya dawo hannun farar hula, wani matashi ɗan Kano, Salisu Buhari, ya zama kakakin majalisar wakilai, mutum na huɗu a ƙasa. Ba a jima ba mujallar TheNews ta Legas ta fito da labarin cewa ya ƙara wa kansa shekaru, domin tsarin mulki a lokacin ya ce sai mai shekara 30 zai shiga majalisar, shi kuwa 29 gare shi. Ta kuma ce digirin da ya ce ya samo a Jami'ar Toronto ta Kanada babu shi. Ya musa, ya yi barazanar kotu, jaridu suka yi masa ca. Bai cika wata biyu a kujera ba ya amsa laifinsa yana hawaye, ya sauka, Ghali Umar Na'Abba ya gaje shi. Kotu ta ci shi tarar Naira 2,000, daga baya Obasanjo ya yi masa afuwa. Har yau idan ɗan Najeriya ya ce takardar wane “Toronto” ce, an san abin da yake nufi.

A cikin wannan shekarar dai aka taso da tambaya a kan takardun sabon gwamnan Legas, Bola Tinubu: makarantar sakandaren da aka rubuta masa a takardar neman takara, da batun Jami'ar Chicago da aka rubuta alhali Chicago State ya yi. Majalisar dokokin Legas ta kafa kwamiti, kwamiti ya wanke shi, aka ce kuskure ne wajen cike takarda. Marigayi Gani Fawehinmi, lauya Bayarabe, shi ya ɗauki maganar a ka har kotun ƙoli, inda a 2002 aka ce ana iya bincikar gwamna amma rigar kariya ta hana a gurfanar da shi. Don adalci in ƙara da cewa a 2023 Jami'ar Chicago State ta tabbatar ya kammala karatu a can a 1979. Ni ban zo yanke wa Tinubu hukunci ba. Abin da nake tambaya shi ne, ina zafin nan ya tafi? Gidajen jaridun da suka hana Salisu barci, me ya sa da aka zo kan na gida sai murya ta yi laushi, aka fara tuna mana da gudunmawar da ya bayar wajen yaƙar mulkin soja? Bayo Onanuga, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa TheNews, shi ne ya zama mai ba Tinubu shawara kan yaɗa labarai a fadar shugaban ƙasa a 2023. Ban raina jarumtar mujallar ba. A zamanin Abacha an ɗaure editanta Kunle Ajibade, wakilinta na Kaduna Bagauda Kaltho kuwa ya ɓace bai dawo ba. Sai dai jarumi ma yana da ɗan ɗaki.

To a nan ne mutanena, masu ra'ayi irin nawa, suke yin ɓatan kai, kuma da su nake yanzu. Da zarar an ambaci wannan tarihi sai mu miƙe ƙafa mu ce ai dama jaridun Kudu ba sa ƙaunar Arewa, shi ke nan an rufe magana. Malam, Salisu ya yi ƙaryar. Shi da bakinsa ya faɗa. Kuma a cikin shekarar ne aka tsige Evan Enwerem daga shugabancin majalisar dattawa bayan irin wannan tonon silili, shi kuwa Ibo ne. Ƙorafinmu na gaskiya shi ne an yi awo da mudu biyu. Idan muka mayar da shi bargon da za mu lulluɓe duk ɗan Arewan da aka kama da hannu dumu-dumu, to mun zama abin da muke zagi. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Ga namu warin. A watan Oktoban 2018 Jaafar Jaafar na Daily Nigerian ya saki faya-fayan bidiyo da ke nuna wani da aka ce gwamnan Kano ne, Abdullahi Umar Ganduje, yana cusa bandir-bandir na dala a aljihun babbar riga. Gwamnati ta ce haɗa bidiyon aka yi. Majalisar dokokin Kano ta kafa kwamiti, Jaafar ya je gabansa rataye da Alƙur'ani, kotu ta dakatar da binciken. Buhari, wanda muka zaɓa don yaƙi da cin hanci, ya zo Kano ya ɗaga hannun Ganduje a yaƙin neman zaɓen 2019. A 2021 Jaafar ya bar ƙasar zuwa Ingila yana cewa rayuwarsa na cikin haɗari, a watan Agustan 2023 Ganduje ya zama shugaban APC na ƙasa. Babu ɗan Legas ko ɗaya a cikin wannan labari. Mai tonawa namu ne, wanda aka tona namu ne, masu rufewa ma namu ne.

Sai na koma teburin mai shayin nan namu. Dattijon da ya ce shari'ar Lamido bi-ta-da-ƙulli ce, yanzu ya ce bidiyo ya gama magana, ba a bukatar kotu. Matashin da ya ce a ɗaure Lamido tun kafin a kira shaida, yanzu shi ke koya mana cewa ana iya haɗa bidiyo da kwamfuta, a jira kotu. Mutanen nan biyu ba su sauya ba, mudun suka yi musaya. Kuma haka ake yi kullum da dare a filayen siyasar gidajen rediyon Kano da Dutse, inda ake sayen mintoci a ba sojojin baka su yi yarfe son ransu, gobe uban gida ya sauya sheƙa su ma su sauya waƙa, ba kunya ba tsoron Allah.

Me ya kawo wannan magana zauren marubuta? Saboda ku ne sababbin sojojin da ake ɗiba. Rediyo ta tsufa a wajen matasa, yanzu wanda ya iya jera Hausa mai daɗi a Facebook ake nema. Ni kaina an taɓa kira na a wani zaɓe da ya wuce. Wani ɗan takara ya aiko yaronsa, aka ce za a riƙa sa mini data da ɗan na cefane duk wata, aikina kawai in riƙa rubuta abin da za a turo mini a kan abokin hamayyarsa, in gyara shi ya yi kama da bincike. Ba zan yi muku ƙaryar waliyyantaka ba, na yi guda ɗaya. An turo mini maganar wata kwangilar rijiyoyi da aka ce an cinye kuɗinta, na zauna na ƙawata ta, aka yi ta yaɗawa. Bayan mako biyu hanya ta bi da ni ta ɗaya daga cikin ƙauyukan, na tarar da mata suna ɗibar ruwa a rijiyar da na rubuta cewa babu ita. Na goge rubutun, amma waɗanda suka kwafa ba su goge ba, kuma har yau idan na haɗu da ƙanin mutumin a wajen jana'iza sai in rasa inda zan sa idona.

Mu da muke cewa mun riƙe addini da al'ada, mu ya fi kamata wannan ya tsorata. Aya ta 6 a Suratul Hujurat umarni ce a tantance labari kafin a yi aiki da shi, kada a cutar da mutane cikin jahilci a dawo ana nadama. Suratun Nur ta ba da labarin ƙazafin da aka yi wa Nana A'isha, kuma ba waɗanda suka ƙirƙira kaɗai aka tsawatar wa ba, har da masu karɓa su miƙa gaba. Wanda kuma zai fake da wannan ya ce kada a taɓa shugabanni, ya je ya duba Kitabul Farƙ na Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, inda ya lissafa zaluncin sarakunan zamaninsa ɗaya bayan ɗaya, har da karɓar gaisuwa. Magabatanmu sun tona asirin masu mulki, amma da hujja a hannu, kuma ba don wani ya biya su ba.

Wani zai ce ai ba mu da ƙarfin yin bincike irin na manyan jaridu. Gaskiya ne. Amma karanta labari har ƙarshe kafin ka yi sharhi ba ya bukatar ko sisi. Ku ɗauki shari'ar Bamaina ɗin. A watan Yulin 2023, shekara takwas cif bayan daren mai shayin nan, kotun ɗaukaka ƙara da ke Abuja ta sallami Lamido da 'ya'yansa. Nan da nan shafukan magoya baya suka cika da “kotu ta wanke Jagora”, na 'yan adawa suka cika da “an sayi alƙalai”. Abin da kotun ta ce shi ne babbar kotun tarayya ta Abuja ba ta da hurumin sauraren shari'ar, tunda a Jigawa aka ce an aikata abin da ake zargi. Maganar inda za a yi shari'a ce. Ba ta ce ya ci ba, ba ta ce bai ci ba, EFCC kuma ta nufi kotun ƙoli. Layi uku ya isa a bayyana wa mutumin Kiyako ko na Gwaram wannan da Hausar da zai gane. A cikin duk rubuce-rubucen da suka wuce ta gabana a makon, da yawansu na mutanen da suka fi ni iya alƙalami, ban ga wanda ya tsaya ya rubuta layukan nan uku ba. Ni ma ban rubuta ba, don ina tsoron ɓangare ɗaya su ce na zagi ɗan garinmu, ɗaya ɓangaren su ce an saye ni.