TABON LAMBA SHAIDA NE

Jama'a, a kasa kunne! Dattijo, naɗe hannun riga ka dubi tabon lambar da ke damtsenka. Ita ta kori agana, har aka yi shelar ƙarewarta a duniya a 1980.

To, yaya aka yi mashaƙo ya yi ta shaƙe yara a Kano a 2023? Yawancinsu ba a yi musu allura ba.

Allurar nan kyauta ce: da haihuwa, da sati 6, da 10, da 14, sai ta ƙyanda a wata 9. Amma uwa ta goya jariri, ta sha rana a ƙafa, ta tarar da ɗakin shan magani a kulle, ko a ce ba firji, allura ta lalace. Laifinta ne? Ko kusa!

Jam'iyyarmu ta yi alkawarin malamin asibiti mazauni, da firji mai aiki da hasken rana, a kowace gunduma. Mai kawo muku sabulu da atamfa kuwa, ku tambaye shi: ina allurar 'ya'yanmu?

Rigakafi ya fi magani. Ranar zaɓe, ku ba mu ƙuri'unku saboda na goye!