An Ƙara Kuɗi, Me Ya Hana Intanet Gudu A Gida?

Tun daga watan Janairu na 2025, lokacin da Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, watau NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da abin da bai wuce kashi 50 cikin 100 ba, jama'a suka ƙara sa ido a kan abin da suke biya da abin da suke samu. Cikin koke-koken da ake ji akwai na magidantan da suka bar ƙaramin tsari suka koma babba, aka yi musu alkawarin megabit 100 a daƙiƙa, amma har yanzu ɗalibi ba ya iya sauraron lacca ba tare da hoto ya tsaya ba, ma'aikaci kuma yana shan wahala kafin ya aika da takardar ofis.

Ruwa dai ba ya tsami banza. Dalili na farko na lissafi ne. Kamfani da megabit yake sayarwa, alhali kwamfuta da megabait take nuna saurin abin da ake saukewa, megabit 8 kuwa su ke yin megabait 1. Saboda haka wanda ya sayi 100 ya ga 12 da ɗan ɗori, lalle ya sami haƙƙinsa. Har ila yau adadin da ake tallatawa galibi iyakar sama ce, kuma wasu tsare-tsaren da ake cewa ba su da iyaka akan rage musu gudu da zarar an cinye wani ƙayyadadden adadi.

Dalili na biyu yana cikin gida. Ko an faɗaɗa babban bututun ruwa na titi, in famfon gida tsukakke ne, ruwan da zai zubo ba zai ƙaru ba. Tsohon akwatin waifai, watau rauta, sau da yawa kafofinsa ba sa wuce megabit 100, haka kuma tsohuwar waya ko kwamfuta tana da iyakarta. Daɗin daɗawa, waifai galibi yana tafiya a zango biyu. Na gigahaz 2.4 ya fi ratsa bango, amma hanyoyinsa da ba sa shiga juna uku ne kacal, don haka a gidajen ma'aikata da ɗakunan kwanan ɗalibai akwatunan maƙwabta sukan cunkushe shi. Na gigahaz 5 ya fi gudu, sai dai bangon siminti mai rodi yana rage masa ƙarfi. Sa'an nan in lambar sirri ta zaga unguwa, abin da mutum ɗaya ya biya mutum goma ke rabawa.

Hanyar gane inda laifin yake ba ta da wuya. A haɗa kwamfuta da akwatin ta kebul, a kashe sauran na'urori, a auna gudun da safe, a sake aunawa da dare. Idan kebul ya kawo kusan abin da aka saya, to gyaran na mai gida ne: ya ɗaga akwatin sama a tsakiyar gida, nesa da ƙarfe, ya canja lambar sirri, in ta kama ya sayi sabon akwati. Mai akwatin da ke aiki da layin waya ya ajiye shi kusa da taga. Idan kuwa ta kebul ɗin ma gudun bai kai ba, to matsalar ta wuce ƙofar gida.

Dalili na uku ke nan, kuma shi ne babba. Shirin Gwamnatin Tarayya na 2020 zuwa 2025 ya yi niyyar samar da aƙalla megabit 25 a birane da 10 a karkara, da kai yaɗuwar intanet mai sauri kashi 70 cikin 100, amma wa'adin ya cika ba a kai wannan adadi ba. Yawancin kebulan ƙarƙashin teku a Legas suke sauka, don haka Kano ko Maiduguri sun dogara ga doguwar wayar faiba da masu aikin hanya da ɓarayi ke yawan tsinkewa. A watan Maris na 2024 kebula huɗu suka lalace a teku, ƙasashen Afirka ta Yamma da dama suka shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi. A shekarar ce kuma Gwamnati ta sa kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ke karewa. Turakun sadarwa kuwa da yawansu da man gas suke aiki saboda rashin tsayayyar wuta, kuma jama'ar unguwa ɗaya turke ɗaya suke rabawa, shi ya sa gudu kan faɗi da dare.

Ya kamata Hukumar ta wajabta wa kamfanoni su bayyana mafi ƙarancin gudun da suka ɗauki alkawarinsa, su kuma auna shi a gaban mai saye ranar da suka kafa akwati. Gwamnatocin jihohi su tsaya a kan Naira 145 kowace mita da aka amince a matsayin kuɗin binne faiba, ko su yafe shi kamar yadda wasu suka yi. Mai saye kuma ya rubuta abin da ya auna da ranakunsa, ya kai kuka ga kamfani, in ba a share masa hawaye ba ya kira Hukumar a lamba 622, wadda ba a biyan kuɗin kiranta.