Matsayin Wasanni Wajen Farfaɗo da Mai Raunin Laka

Sau da yawa idan haɗari ya taɓa lakar mutum har ƙafafunsa suka shanye, 'yan'uwa kan killace shi a ɗaka da sunan tausayi. Irin wannan tausayi cutarwa ne, domin doguwar kwanciya kan haifar da gyambo da ciwon mafitsara da yanke ƙauna.

Likita Ludwig Guttmann ya fahimci haka. A shekarar 1944 ya buɗe sashen masu raunin laka a asibitin Stoke Mandeville da ke Ingila, ya sanya wasanni cikin magani. Ranar 29 ga Yuli, 1948, majinyata 16 suka yi gasar harbin kibiya a bisa kekunansu. Wannan gasa ce ta bunƙasa ta zama wasannin naƙasassu na duniya, waɗanda aka fara a birnin Rum a 1960.

Margaret Maughan, malamar makaranta 'yar Ingila, ta shanye sakamakon haɗarin mota a 1959. A wannan asibiti ta koyi harbi, ta ci lambar zinare a Rum, sannan ita ta kunna wutar buɗe wasannin Landan na 2012.

Harbin kibiya yana ƙarfafa kafaɗu da damatsa, waɗanda da su mai keke yake saukowa daga gado ya tafi neman abinci. Gasa kuwa tana mayar da shi cikin jama'a da mutuncinsa. Saboda haka wajibi ne iyali da likitoci da malamai su ɗauki filin wasa a matsayin wani ɓangare na jinya.