Ra'ayinmu: Tarakta da Amalanke a Kan Kwalta, Wace Doka Ke Hawansu?

Duk wanda ya taɓa biyo hanyar Maigatari zuwa Gumel ran Alhamis da almuru, sa'ad da kasuwa ta watse, ya san abin da za mu yi magana a kansa. Ga manyan motoci sun yi lodin shanu sun nufi kudu, ga ƙananan motocin haya suna rige-rigen komawa Kano, ga babura ko'ina kamar fari. A tsakiyar wannan hayaniya kuma sai ka hangi wani baƙin abu yana tafiya sannu a gabanka, ba fitila, ba lamba, ba wata alama. Sai ka matso dab da shi sa'an nan ka gane tarakta ce tana jan tirela, an shaƙe ta da buhunan riɗi, bisa buhunan kuma mutane ne zaune, maza da mata har da masu goyo. Kafin ka gama salati ka kauce mata, ga amalanken shanu a gaba, yaro ɗan shekara 10 yana riƙe da igiya.

Wannan abu ya zama jiki a ƙasar Lautai, har ba mai ɗaga kai ya dube shi. Mu kuwa a wannan mujalla muna ganin lokaci ya yi da za a dube shi, domin waɗanda ke bisa buhunan nan iyayenmu ne da ƙannenmu, kuma da kuɗin riɗin nan ake biya wa da yawa daga cikinmu kuɗin makaranta.

Bari mu fara da ita taraktar. Waɗanda suka ƙera ta sun ƙera ta ne domin gona: ta ja garma, ta ratsa rairayi da taɓo, ta yi tafiyar hawainiya da ƙarfin giwa. Kujera ɗaya tak gare ta, ta direba. Nauyinta yana can sama, saboda haka in ta sha kwana da gudu, ko ƙafa ɗaya ta zame daga bakin kwalta, kifewa ba ta yi mata wuya. Yawancin waɗanda muke da su birkinsu a ƙafafun baya kaɗai yake, kuma an raba shi biyu, na dama da na hagu, don sauƙin juyawa a ƙarshen kunya. Ka'ida ita ce a haɗe su wuri ɗaya kafin a hau titi, in ba haka ba direba ya taka guda cikin firgici, sai ta wulwula da shi. Ita kuma tirelar da ake ɗaura mata, sau da yawa ƙirar maƙeran gari ce, ba ta da birkin kanta, abin da ya riƙe ta kawai wani guntun ƙarfe ne da aka zura a maɗauri. In ya tsinke, ko kaya suka fi ƙarfin birki, to, sai abin da Allah ya yi.

Sa'an nan ga maganar gudu, wadda ɗan lissafi kaɗan zai fayyace ta. A ce mota tana tafiya kilomita 100 a sa'a, tarakta kuwa tana yin 20. Bambancin da ke tsakaninsu kilomita 80 ne, watau kowace daƙiƙa motar tana cinye kamar mita 22 na ratar da ta raba su. Ƙaramar fitilar mota ba ta haska abin da ya wuce kamar mita 50. Ke nan daga lokacin da direba ya ga tirelar da ba ta da fitila zuwa lokacin da zai afka mata, daƙiƙa biyu ne da 'yan kai. Rabin wannan lokaci zai ƙare kafin ƙafarsa ta kai ga birki. Wanda ya san wannan lissafi ba zai ƙara cewa tsautsayi ne kawai ba. Lalle ajali na Allah ne, amma Shi ne kuma ya hore mana hankalin da za mu ɗaure raƙumi kafin mu yi tawakkali.

To, me doka ta ce? Mutane da yawa suna zaton tun da tarakta kayan noma ce, ba ruwan doka da ita. Wannan kuskure ne. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988 zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, Farfesa Wole Soyinka yana shugabanta na farko, tana aiki yau da dokar da aka yi mata a 2007 da kuma ƙa'idojin zirga-zirga na 2012. A cikin tsarin lasin tuƙi na ƙasar nan an kasa direbobi aji-aji. Mai babur yana da ajinsa, mai ƙaramar mota yana da nasa, mai tarakta da sauran injunan noma kuma an ware masa aji na musamman, wanda ake yi wa laƙabi da harafin F. Ba a ba da lasin ga wanda bai kai shekara 18 ba. Jadawalin dokar 2007 ya yanka tarar naira 10,000 ga mai tuƙi ba lasin, haka kuma ga mai lodin da ya wuce kima. Dokar inshora ta farko kuwa, wadda ta fara tilasta wa mai mota ya yi tanadin diyyar wanda zai iya bugewa a hanya, ta girmi 'yancin kan Nijeriya, domin tun 1945 aka yi ta. Ashe doka ba ta manta da tarakta ba. Muddin ƙafarta ta bar gona ta hau hanyar jama'a, to, ta shiga sahun ababen hawa, abin da ya hau kansu ya hau kanta.

Amalanke fa, wanda ba shi da inji balle a nemi lasin tuƙinsa? Shi ma ba a bar shi sakaka ba. Tsarin mulkin 1999, a jadawali na 4 inda aka lissafa ayyukan ƙananan hukumomi, ya danƙa musu ba da lasin kekuna da baro da kwale-kwale da amalanke, da duk abin ɗaukar kaya da ba inji ke tafiyar da shi ba. Ma'anar wannan ita ce majalisun Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar ba sa bukatar jiran Abuja ko Dutse kafin su tsara yadda amalanke zai bi titi da dare. Ikon yana hannunsu tun tuni.

Amma fa kada a yi mana gurguwar fahimta. Ba mu ce a kori tarakta da amalanke daga hanya ba, kuma ba za mu goyi bayan wanda ya ce haka ba. Mun san ƙasarmu. Ƙasa ce ta jigawa, sunan jihar ma da aka ƙirƙira a 1991 daga nan ya samo asali. Akwai ƙauyuka a Sule Tankarkar da Gagarawa waɗanda in ƙaramar mota ta kuskura ta nufe su, rairayi zai riƙe ta tun ba ta yi nisa ba. A da can Land Rover ce ke shiga irin waɗannan wurare, yau kuma Hilux, su kuwa na hukuma ne da masu hali. Talaka abin da ya rage masa shi ne shanunsa, ko taraktar haya, ko babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya da ake kira kurkura. Daɗin daɗawa, tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023 kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, har magidanci kan gwammace ya ɗora iyalinsa bisa kaya da ya biya musu kujera. Wanda ya ce a hana wannan da sanda kawai, bai taɓa kwana a ƙauye da gero a rumbu ba hanyar kai shi kasuwa ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Abin da muke nema gyara ne, kuma gyaran ba mai tsada ba ne. A Amurka, inda manoma su ma suke hawa titi da taraktocinsu, masana a jami'ar jihar Ohayo sun fito da wata alama a farkon shekarun 1960: faranti mai kusurwa uku, launin ruwan lemo, bakinsa ja mai ƙyalli, ana liƙa shi a bayan duk abin hawan da ke tafiya sannu. Da rana launin yana ɗaukar ido, da dare kuma yana mayar da hasken fitilar mota tun daga nesa. Ba ya cin mai, ba ya bukatar batir. Irin wannan leda mai ƙyalli ita ce muke gani manne a jikin tankoki da tireloli, ana kuwa samunta a shagunan kayan mota. Kuɗin abin da zai ishi amalanke ɗaya bai kai na 'yan mudun riɗi ba.

Bisa ga haka muna kira ga majalisun ƙananan hukumomin nan huɗu da su zauna wuri ɗaya su yi doka iri ɗaya, tun da hanyoyin a haɗe suke: kowane amalanke da kowace tirelar tarakta su ɗauki alama mai ƙyalli a baya da gefe, kuma kada a bar ƙaramin yaro shi kaɗai da amalanke a kan kwalta bayan magariba. In za a karɓi kuɗin rajista, to, a ba mutum alamar a cikin kuɗinsa, kada abin ya zama wata sabuwar hanyar tatsar talaka da rasit.

Na biyu, duk mai ba da hayar tarakta, hukuma ce ko ɗan kasuwa, kada ya miƙa makulli ga wanda ba shi da lasin da ya dace, kuma kada ta fita sai fitilun gaba da na baya suna aiki. Mutumin da ya iya sayen injin miliyoyin naira ba zai ce ƙwan fitila ya gagare shi ba.

Na uku, wanda ya fi kowanne wuya, shi ne a raba mutane da kaya. Tirelar tarakta ba motar kai amarya ba ce, ba kuma ta kwasar jama'a zuwa taron siyasa ba. Mun yarda a cikin rairayi, inda ba abin da ke gudu, lalura tana iya sa a hau. Amma in an iso bakin kwalta, wajibi ne mutane su sauka su nemi mota. Nan ne 'yan ƙungiyar direbobi za su taimaka, su ajiye motoci a mahaɗar hanyoyi ranakun kasuwa, da kuɗin da talaka zai iya biya. Gwamnatin jiha kuma, duk lokacin da za ta gyara hanyar da ta shiga babbar kasuwa, ta bar fili a gefe domin amalanke, ta kuma ci gaba da kai burji ƙauyuka, don shi ne maganin abin tun daga tushe.

Ga ma'aikatan hanya kuwa, 'yan sanda da jami'an kiyaye haɗurra da masu duba lafiyar motoci, muna cewa faɗakarwa ta riga tara. A bi ta hannun hakimai da dagatai da masu unguwanni, a roƙi limamai su ambata ran Juma'a, a sa sanƙira ya zaga kasuwa. Dattawa suna ba mu labarin yadda ƙasar nan ɗungurungum ta bar tuƙin hannun hagu ta koma dama ran 2 ga Afrilu 1972, bayan an daɗe ana shela a rediyo da kasuwanni. In aka iya juya al'umma guda a rana ɗaya, liƙa ƙyalli a bayan amalanke ba zai gagara ba. Abin da zai kashe wannan yunƙuri shi ne a mai da shingen hanya wurin karɓar na goro, mai tarakta ya miƙa ya wuce cikin duhunsa.

Saura mu. Cikin masu karanta wannan mujalla akwai malamin gona da zai sa hannu a takardar fitar tarakta, akwai akawun majalisa da zai rubuta daftarin doka, akwai malamin asibiti da za a kawo wa waɗanda suka ji rauni da tsakar dare. Akwai kuma ɗalibin da ya zo hutu ya ari motar yayansa yana sheƙa gudu a hanyar Gumel kamar shi kaɗai ya biya haraji. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ƙiyasta mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ce kan gaba, alhali ita ce mafi ƙarancin motoci. Ilmin da bai sa mun rage ko mutum ɗaya daga wannan adadi a garinmu ba, ina amfaninsa?

Saboda haka ga abin da muke roƙon kowane ɗalibi: in ka je gida hutun nan, ka rage wani abu daga kuɗin guzurinka ka sayi ledar ƙyalli, ka liƙa wa amalanken gidanku da na maƙwabta, ka kuma zauna da baba ka yi masa lissafin daƙiƙa biyun nan cikin ladabi. Kaka tana tafe, hanyoyi za su cika. Allah ya kai kowa kasuwa lafiya, ya komo da shi ga iyalinsa lafiya, amin.