Leɓe Yana Coci, Zuciya Tana Wani Wuri

Duk wanda ya tashi a Nima ko Mamobi ya san irin ɗalibin da nake nufi. A makarantar mishan yana cikin sahu da sassafe, ana rera waƙoƙin coci, leɓensa yana motsi, kansa a sunkuye. Idan aka yi hutu ya dawo Zongo, ga shi a sahun farko a masallaci. Wasu iyaye suna kiran wannan iya zama da mutane. Ni kuwa horon munafunci nake kiransa, kuma manya ne malamansa.

A azumin 2021, makarantar 'yan mata ta Wesley da ke Cape Coast ta hana wata ɗaliba Musulma yin azumi. Hukumar ilimi ta Gana ta ba da umarnin a ƙyale masu azumi, Cocin Methodist ta ƙi amincewa. Aka yi ta ja-in-ja kan 'yancin addini da tsarin mulkin 1992 ya tanada. Wata tambaya ce ta kuɓuce wa kowa: me coci ke samu daga kan da tsoron horo ya sunkuyar? Ɗakin ibada ya cika, ƙwarai kuwa, amma da masu kwaikwayo. Kuma ba ɗan Zongo kaɗai ke cutuwa ba. Ɗan Kirista da ke gefensa, wanda shakka ta fara sukar zuciyarsa, shi ma ya gane cewa ɗaga murya da amin ya fi faɗin abin da ke ransa riba.

Alhali a Linjilar Yohanna, almajiri Toma ya fito fili ya ce ba zai gaskata ba sai ya gani da idonsa. Ba a kore shi ba, amsa aka ba shi. Da ɗalibin makarantar kwana ne a yau, ina zaton da tuni an aika a kira iyayensa.

A Ista ta 2019, Babban Limamin Gana, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, ya shiga cocin Katolika ta Christ the King a Akara yana cikin bikin cikarsa shekara ɗari. Ya zauna da rawaninsa, a matsayinsa na Musulmi, ba wanda ya nemi ya motsa leɓe. Mutuncin da aka yi wa dattijon, me ya hana a yi wa yarinya 'yar shekara goma sha biyar?

Kada mu 'yan Zongo mu yi saurin tafi, domin hannunmu ma da maiƙo. Annabi Ibrahim ya roƙi a nuna masa yadda ake rayar da matattu don zuciyarsa ta ƙara natsuwa, kuma aka nuna masa. Amma matashi ya kuskura ya ce wa malaminsa wata mas'ala ta hana shi barci, kafin magariba unguwa ta ɗauka cewa boko ta lalata shi. Gobe zai zo karatu ya zauna a baya, ya riƙa gyaɗa kai, malam kuma ya ce ai yaron ya shiryu.