MARIƘIN BABUR MAI ƊUMI: YADDA A KE ZAƁENSA DA YADDA A KE ƊAURA SHI

A wannan mako zan yi amfani da filin da aka saba ba ni in amsa tambayar wani ɗan'uwanmu mai karatu wanda neman ilmi ya kai shi Ingila. Ya ce ya sami babur yana zuwa makaranta da wurin aiki a kansa, amma tun da sanyin ƙasar ya kama, kafin ya yi mil 10 sai yatsunsa su sandare, har ya kan lalubi birki kamar da hannun aro. An gaya masa akwai wata robar mariƙi mai ɗumi da a ke sa wa ƙahon babur, yana so ya san wadda zai saya da yadda zai ɗaura ta. Mai tambaya ba ya ɓata. Na ga kuma amsar za ta amfani malamai da akawuna na gida, ko da ba su taɓa ganin dusar ƙanƙara ba, gama lissafin wutar babur ɗaya ne a ko'ina.

Mu fara da dalili, kada wani ya zaci abin na son jiki ne. In sanyi ya tsananta, jikin mutum ya kan tsuke hanyoyin jini na hannu da ƙafa, don ya tattara ɗumi a ƙirji da ciki. Saboda haka yatsu su ne farkon shan wuya. Ga shi kuwa aikin mai babur duk a yatsu ya ke: totur da birkin gaba a dama, kuloci da ham da sigina a hagu. Sa'an nan iska tana ƙara wa sanyi ƙarfi. Bisa lissafin da ma'aikatan duba yanayi na Kanada da Amurka suka soma aiki da shi a 2001, in sanyin gari yana digiri 5, iska kuwa tana bugun mutum da gudun kilomita 80 a awa, fatar da ke buɗe za ta ji kamar digiri 3 ƙasa da sifiri, watau sanyin da ya wuce na daskarewar ruwa. A wannan gudu babur yana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. To, in yatsu suka yi nawar daƙiƙa 1 tak kafin su damƙi birki, mai babur ya yi asarar mita 22. Wannan tazara ita ce tsakanin komawa gida da kwana a asibiti.

Abin nan da a ke kira mariƙi mai ɗumi ba wani sihiri ba ne. Roba ce irin wadda ke kan ƙahon kowane babur, sai dai an binne siririyar waya a cikinta. In wutar batir ta bi wayar sai ta yi zafi, kamar yadda dutsen guga na lantarki ke yi, amma zafinsa kaɗan ne, na ɗumama tafin hannu. Iri 3 ne a kasuwa. Na farko, cikakkiyar roba da a ke cire ta asali a sa ta a gurbinta. Na biyu, wani falle mai waya da a ke manna wa ƙaho, sa'an nan a mai da tsohuwar roba bisansa. Ya fi araha, amma zafinsa ya kan daɗe bai fito ba. Na uku, wanda a ke naɗawa a kan robar da ke nan, a kwance shi in bazara ta zo. Sauƙin sawa gare shi, sai dai yana ƙara wa mariƙi kauri. Wanda zai hau babur kullum cikin hunturu, shawarata ya sayi na farko. Kamfanin Oxford na Ingila da kamfanin Koso na Taiwan suna cikin waɗanda suka yi suna a wannan sana'a, kamfanin BMW na Jamus kuwa ya daɗe yana fitar da baburansa da irin wannan mariƙi tun daga ma'aikata.

Kafin ka ba da kuɗinka, sai ka auna abu 3.

Na farko, kaurin ƙaho. Yawancin baburan Japan da na Turai ƙahonsu milimita 22 ne a inda hannu ke kamawa. Manyan baburan Amurka irin Harley-Davidson kuwa inci 1 ne, watau milimita 25 da ɗan ɗoriya. In ka sayi na wannan don wancan, ko dai ya ƙi shiga, ko ya yi ta juyi. Ka lura kuma robobin nan biyu ba tagwaye ba ne. Ta dama ta fi faɗin rami, domin ba a kan ƙarfe ta ke zama ba, a kan bututun totur ta ke.

Na biyu, tsawo. Galibi tsakanin milimita 120 da 130 ne. Ka auna tsohuwar robarka da rula. Waɗansu an yi musu alama a inda a ke iya rage tsawonsu da reza. In ka zarce alamar nan ka datse wayar ciki, kuɗinka sun tafi. Ka duba kuma ko ƙarshen ƙahonka yana da dunƙulen ƙarfe mai rage girgiza. In yana da shi, roba mai buɗaɗɗen baki za ka nema.

Na uku, shi ne babba, ƙarfin wutar babur. Ga lissafin da kowane ɗan makaranta zai iya: in ka ninka bolt da amfiya, abin da ya fito shi ne wat. Wutar babur bolt 12 ce. Mariƙi biyu in an ƙure zafinsu su kan ja wajen amfiya 3 zuwa 4, watau wat 36 zuwa 48. Wannan ya kai ko ya fi abin da fitilar gaba ta ƙaramin babur ke ci, wadda sau da yawa wat 35 ce. Ashe ke nan wanda ya sa mariƙi mai ɗumi kamar ya ƙara wa baburinsa wata fitilar gaba ne. Babban babur ba zai ji a jikinsa ba. Amma ƙarami, mai inji 100 ko 125, kwayil ɗinsa ɗan abin da ya ke samarwa bai fi na fitilu da cajin batir da yawa ba. Daidai ruwa daidai tsaki. Hanyar ganewa ita ce ka sami ma'aunin wuta ka ɗora a kan batir. In inji yana kashe, lafiyayyen batir ya kan nuna wajen bolt 12.6. In an tayar an ɗan ja totur, ya kamata ya hau zuwa 13.5 ko 14.5. Ka haɗa mariƙin na gwaji, ka kunna shi tare da fitila. In ma'auni ya tsaya sama da 13, babur ya iya ɗaukar kayan. In ya yi ta gangarowa wajen 12, to, batir ne ke biyan bashi, wata safiya kuwa zai ce ya gaji.

Game da makunni, ka zaɓi mai matakan zafi da dama, ba mai kunnawa da kashewa kaɗai ba, maɓallansa kuma su zama manya yadda za a iya latsa su da safar hannu. Ka tabbata ruwa ba ya shigarsa, gama hunturun Ingila da ruwan sama ya ke tafe. Araha ba ta ado.

To, sai ɗaurawa. Ba a fafe gora ran tafiya. Ka yi aikin nan tun cikin Oktoba, ran da ba ka da inda za ka, a wuri mai ɗumi, domin roba mai sanyi tauri gare ta.

Da farko ka kwance wayar batir ta baƙi, watau mai alamar ragewa. Ita ce farkon cirewa, ita ce ƙarshen mayarwa. Ka tsaga tsofaffin robobi da reza a hankali, kada ka yanki bututun totur. Ka kankare tsohon gam sarai har wurin ya yi tas, babu maiƙo. Waɗansu bututan totur suna da ƙananan tudu-tudu a jikinsu. Ka goge su da magagari har sabuwar roba ta iya shiga da turin hannu. Kada ka kuskura ka buga ta da guduma, kada kuma ka ja ta da wayarta.

Sa'an nan ka gwada kome ba tare da gam ba. Ka haɗa wayoyi, ka mai da batir, ka tayar da inji, ka ji ko duka biyun sun yi ɗumi. In akwai aibi, yanzu ne mai kanti zai karɓi kayansa. Ka zauna a kan babur ka juya robar dama har ka sami inda wayarta ba ta taɓa hannun birki, ko totur yana rufe ko yana buɗe iyaka. Haka kuma ta hagu da hannun kuloci. In ka sami wurin, ka yi alama da alli ko tef.

Yanzu sai gam. Wanda a kan haɗo da kayan sau da yawa mai saurin kamawa ne, ba ya jiran shawara. Ka shafa shi a kan ƙaho da bututu, ba a cikin roba ba, ka tura ta gaba ɗaya zuwa alamarka ba tsayawa. A gefen dama ka yi hattara ƙwarai kada gam ya tsiyaya ƙarƙashin bututu ya manne shi da ƙarfe. Ka bar 'yar tazara ta milimita 2 tsakanin roba da akwatin makunnai, haka kuma tsakaninta da dunƙulen ƙarshen ƙaho. Ka bar gam ya kwana, awa 24, kafin ka hau.

Wayar gefen totur kullum cikin motsi ta ke, saboda haka ka bar mata ɗan lanƙwasa, kada ka ja ta tsam. Sauran wayoyi ka bi da su ta inda wayoyin asali suka bi, ka ɗaure su, nesa da zafin inji da inda wuyan babur ke datsewa. Ka karya kan babur hagu iyaka, dama iyaka, ka ga babu wadda ta miƙe ko ta matse.

Saura haɗi da batir. Tilas a sami fis a kan jar waya, kusa da batir. Yawanci na amfiya 5 a ke sawa, amma ka bi abin da takardar kayan ta faɗa. Wayar da ba ta da fis, ran da ta goge ta taɓa ƙarfe, gobara ce a ƙarƙashin tankin fetur. Akwai kuma wata matsala. In ka haɗa kai tsaye da batir, mariƙi zai ci wuta ko an zare makulli. Batir na ƙaramin babur mai ɗaukar amfiya 5 na awa guda, in ana jan amfiya 4 daga jikinsa, awa 1 da 'yan mintoci ya isa ya ƙare. Maganin wannan iri biyu ne. Ko dai ka sayi mai makunnin da ke kashe kansa in ya ji inji ya tsaya, ko kuwa ka sa rile, watau wani ɗan makunni da wuta ke motsawa. A kan jona shi da wayar da ba ta samun wuta sai an murɗa makulli, kamar ta fitilar baya. In an zare makulli sai ya yanke hanya. Amma manyan babura na zamani masu kwamfuta, irin na BMW, ba su son a huda musu waya, su kan ɗauka lalacewa ce su nuna alamar aibi. Mai irin wannan ya nemi mahaɗin da kamfani ya tanada, ko ya kai wa gwanin waya.

Kafin ka fita hanya, ga jarrabawar da ba a tsallakewa. Inji yana kashe, ka murɗa totur iyaka ka sake shi. Dole ya koma da kansa nan take, har ka ji ƙarar rufewarsa. Ka yi haka kan babur yana miƙe, ka yi yana hagu, ka yi yana dama. In ya yi nawa ko sau ɗaya, kada ka hau sai ka gyara. Totur da ya maƙale a buɗe ya fi yatsu masu sanyi haɗari nesa ba kusa ba, kada garin neman gira a rasa ido.

In ka soma hawa za ka iya ji hagu bai kai dama ɗumi ba. Ba lalacewa ba ce. Na hagu a kan ƙarfe ya ke, ƙarfe kuwa, balle alminiyam, yana janye zafi. Na dama yana kan bututun roba. Ka sani kuma mariƙi tafin hannu kaɗai ya ke ɗumamawa. Bayan hannu da kan yatsu suna fuskantar iska, sai an tare musu da garkuwar hannu ko jakar da a ke ɗaura wa ƙaho. Safar hannu mai kaurin tafi ita ma tana tare ɗumin. Ka nemi mai kauri a baya, mai sauƙi a tafi. Ka ƙure zafi na 'yan mintoci da fari, sa'an nan ka rage. Mai ciwon sukari wanda jin hannunsa ya ragu ya tsaya a ƙaramin mataki, don zai iya ƙonewa bai sani ba.

'Yan'uwa na gida za su ce, mu fa? A Jos, inda tudu ya kai wajen mita 1,200, da kan tsaunin Mambila, sanyin asubar Disamba da Janairu ya kan sauko kusa da digiri 10. A gudun kilomita 60 hannu zai ji kamar digiri 5, wannan kuwa ba wasa ba ne ga malamin da ke sammako zuwa makarantar ƙauye. Duk da haka ban ba mai ƙaramin babur shawarar ya sayi mariƙi mai ɗumi ba. Ɗarinmu na 'yan makonni ne, hantsi na yi ya wuce, wutar baburanmu kuwa ba ta da rara. Safar hannu ta fata mai shafi a ciki, da abin tare iska a gaban ƙaho, da riga mai rufe ƙirji, sun wadatar, gama in ƙirji ya yi ɗumi jini ya kan koma yatsu. Wanda kuma ya ji yatsunsa sun soma sandarewa a hanya, a Ingila ya ke ko a Filato, ya ratse gefe ya ɗumama su tukuna. Sannu ba ta hana zuwa.

Mai wata tambaya game da babur ya aiko ta hannun Edita, za a amsa a wannan fili gwargwadon iko.