Ƙwaya ɗaya ce, hanta ce ba ɗaya ba

Yaro ya kwana yana kukan ciwon haƙori. Da safe maƙwabciya ta leƙo ta ce: "Ga sauran maganin da likita ya rubuta wa maigidana lokacin da ya karye, ba shi rabi, yanzun nan zai yi barci." Da kyakkyawar niyya ta bayar, uwa kuma ta karɓa da godiya. In ƙwayar nan kodin ce ko tramol, wannan alheri na iya zama ajalin yaron.

Dalilin yana cikin hanta. Kodin shi kaɗai ba ya kashe ciwo sosai. Sai ya isa hanta, wani sinadari da likitoci ke kira CYP2D6 ya juya wani sashe nasa ya zama mofin, shi ne ke yin aikin. Haka tramol, wato tramadol: sinadarin nan ne ke mayar da shi wani abu da ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Ƙarfin wannan sinadari kuwa gadonsa ake yi daga iyaye, kamar tsawo ko launin fata.

Akwai wanda nasa ba ya aiki ko kaɗan. Zai sha kodin, ciwo na nan daram, sai tashin zuciya da taurin ciki. Cikin Turawa, mutum 5 zuwa 10 cikin 100 haka suke. Akwai kuma wanda ya gaji sinadarin ninki biyu ko fiye, hantarsa na fitar da mofin da yawa cikin ɗan lokaci. Wani bincike da aka yi kan mutanen Habasha a 1996 ya gano kusan mutum 29 cikin 100 na cikin wannan rukuni. A jikin irin wannan mutum, awon da aka saba ba kowa na iya rage numfashi har ya tsaya. Ba a gane shi a fuska, kuma wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, na iya bambanta.

An yi asarar rayuka kafin a ɗauki mataki. A Amurka, bayan mutuwar wasu yara da aka ba kodin bayan tiyatar maƙogwaro, hukumar kula da magunguna ta yi kakkausan gargaɗi a 2013. A 2017 ta hana ba yaro ɗan ƙasa da shekara 12 kodin ko tramol, ta kuma ja kunnen mata masu shayarwa, domin maganin na bi ta nono ya kai ga jariri. Maƙwabciyarmu Najeriya ta hana shigo da maganin tari mai kodin da kuma sarrafa shi a 2018.

Mu nan abin ya fi tsanani, don ƙwayar tana kan tire a bakin kasuwa da tasha. Ta farmasi yawanci miligiram 50 ce, babban mutum ma ba a yarda ya wuce 400 a yini ba. Ta bakin titi kuwa akwai mai 120, akwai mai 225. Ɗalibin da ya ga ɗan kabu-kabu ya haɗiye biyu ya ci gaba da aikinsa, sai ya ɗauka shi ma zai iya. Shi kuwa ɗaya na iya jefa shi cikin jijjiga irin ta farfaɗiya a tsakiyar aji.

Wasu za su ce: "Mun daɗe muna yi, ba abin da ya faru." Gaskiya ne, yawancin mutane hantarsu matsakaiciya ce. Amma wace uwa ce za ta yi caca da numfashin ɗanta don na maƙwabta sun tsira?

Akwai kuma wani zalunci da muke yi ba mu sani ba. Yaro mai amosanin jini ya ce maganin bai yi masa komai ba, sai a ce raki ne, ko a fara zargin ya zama ɗan ƙwaya. Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Kada a ƙara masa wata ƙwayar a gida. A koma wurin likita a gaya masa, akwai magungunan da ba su dogara da wannan sinadari ba.

Iyaye, maganin da aka rubuta da sunan mutum nasa ne shi kaɗai. Malamai, ku koya wa ɗalibai wannan a darasin kimiyya, ku kuma san alamun haɗari: barci mai nauyi da ba a iya tayar da yaro, numfashi a hankali ko minshari, ƙwayar ido ta tsuke kamar kan allura, leɓe ya sauya launi. In kun ga haka, kada ku ce a bari ya huta, kada a ɗura masa madara. A kwantar da shi ta gefe ɗaya, a garzaya da shi asibiti tare da kwalin abin da ya sha.